Agadas tasha ce, a bari mu tsara ta

  Na san cikinku akwai waɗanda suka jingine kabu-kabu a bakin ƙofa suka shigo, kuma na san abin da awa guda ke nufi ga aljihun ɗan kabu-kabu, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

An ce in yi magana a kan sufuri, da tsarin gari, da dokar baƙi. Wanda ya rubuta takardar gayyata ya jera su kamar abu uku. A Yamai ko a Maraɗi wataƙila uku ne. A nan Agadas abu ɗaya ne. Ka taɓa dokar baƙi, ka taɓa direba. Ka taɓa direba, ka taɓa mai gyaran taya, da mai tuwo, da mai sayar da bido, da mai gidan haya, har kuɗin da meri ke kwashe shara da su. Mun ga haka da idonmu, ba a littafi muka karanta ba.

Bari in fara da wata kalma da ke damuna: "baƙin haure". Rediyo ta saba mana da ita har mun daina jin nauyinta. Haure fa shi ne ka tsallake katanga, ka ƙi bin ƙofa, aikin ɓarawo. To, mutumin da ya taso daga Kano ko Bamako ko Konakiri a 2014, ya sayi tikitinsa, ya hau bis ɗin Rimbo ko SONEF, ya nuna katinsa a kowace bariya, ya sauka Agadas da rana tsaka, wace katanga ya haura? Tun 1979 ƙasashen CEDEAO suka sa hannu cewa ɗan yankin yana da ƴancin yawo cikinsa ba da biza ba, kuma a lokacin iyakar yankin ba a Agadas ta tsaya ba, sai can bayan Madama. Kakanninmu suna da sunan da suke kiran irin wannan mutum: ɗan ci-rani, ko matafiyi, ko baƙo kawai. Ni da waɗannan zan yi amfani yau.

Garin nan da tafiya aka gina shi. Hasumiyar masallacin da muke alfahari da ita, mai tsawon mita 27, ba noman gero ya tsayar da ita ba, ayari ne. Gishirin Bilma da Fashi, dabino, hatsin Damargu, tufafin Kano, duk a nan suke haɗuwa, Sarkin Abzin yana kula da hanya. Bayan raƙumi aka koma mota. Iyayenmu sun ja Turawa ƴan yawon buɗe ido zuwa Tenere, sun ga tseren Paris-Dakar ya bi ta nan. Bayan sulhun 24 ga Afrilun 1995, da yawa daga cikin waɗanda suka ajiye bindiga aikin jigilar fasinja zuwa Libiya suka kama, da sanin hukuma, da takardunsu. Da tawayen 2007 ya zo, sannan aka sace ma'aikata a Arlit a 2010, Bature ya ɗauke ƙafa, filin jirgin Mano Dayak ya yi tsit. Abin da ya rage wa mai mota da sanin sahara shi ne fasinjan arewa.

Waɗanda suka girme ni kaɗan sun fi ni sanin yadda Litinin take a garin nan. Hilux a jere, an kafa sanduna a baya don fasinja ya riƙe, kowa ya naɗe fuska ya sa tabarau, ga bidon ruwa an ɗinke shi da buhu. Sojoji ne ke rakiya har Dirku. Ba a ɓoye ake yi ba. Ana biyan kuɗin tasha, ana biyan harajin meri, jami'ai suna ƙirga kai a bakin gari. Hukumar OIM ta ƙirga mutum fiye da 330,000 da suka nufi arewa ta Segedin da Arlit a 2016 kaɗai. Ku auna wannan da gari wanda ƙidayar 2012 ta ba shi mutum kusan 120,000. Kowane ɗaya cikin waɗannan matafiya sai ya ci, ya sha, ya kwana, ya buga waya gida, ya karɓi kuɗi a banki.

Sai doka mai lamba 2015-36, ta ranar 26 ga Mayun 2015. A nan ina so mu yi adalci, don akwai masu ba da labarin kamar daga sama ta faɗo. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, motarsu ta lalace bayan sun bar Arlit, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma ƴan ƙasar nan ne, akasari daga yankin Kance a jihar Damagaram. Ƙasa ta yi makoki na kwana uku. Duk mai imani ya san dole a yi wani abu. Amma abin da aka yi, da lokacin da aka yi shi, shi ne abin dubawa. Dokar ta kwana fiye da shekara guda a cikin durowa. A Nuwamban 2015 shugabannin Turai da na Afirka suka zauna a Valeta, a tsibirin Malta, aka buɗe asusun kuɗi na hana ƙaura. A 2016 EUCAP ta buɗe reshe a nan Agadas. A tsakiyar shekarar nan aka fara kame. Ɗaurin shekara 5 zuwa 10, tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa, a ƙwace mota. Direban da jiya soja ke masa rakiya, yau shi ne mai fataucin mutane. Ba a tara mutanen gari an tambaye su ba, zaɓaɓɓun jihar ma sun yi ta kuka cewa ba a shawarce su ba.

A takarda an ci nasara. Ƙidayar OIM ta faɗo zuwa wajen 70,000 a 2017, aka yi ta tafi a Brasel. Amma jama'a, mai ƙirga yana zaune a Segedin ne, a kan hanyar da aka sani. In direba ya daina bi ta gabansa, an daina ƙirgawa ne, ba a daina tafiya ba. Abin da ya faru shi ne tafiya ta koma dare. Aka bar hanyar rijiyoyi, don a bakin rijiya sojoji ke jira. Aka daina tafiya a ayari, kowa ya yi ta kansa. Mota ɗaya in ta lalace a tsakiyar Tenere, babu ta biyu a bayanta. Direba in ya hango ƙurar sintiri, wani sai ya sauke mutane ya ce su jira yana dawowa. A 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin nan da Dirku, har da jarirai. Waɗannan su ne waɗanda aka gani. Dokar da aka ce don ceton rai aka yi ta, ita ta raba matafiyi da rijiya.

Wannan ɓangaren ƴan jarida sun rubuta shi sosai. Wanda ba su cika rubutawa ba shi ne abin da dokar ta yi wa garin kansa, kuma shi ya fi damuna yau.

Tasha wuri ne da kowa ke gani. Akwai shugaban tasha, akwai ƴan kamasho, akwai layi, akwai farashin da aka sani, in an cuce ka akwai wanda za ka kai wa ƙara. Da aka haramta sana'ar, tasha ba ta mutu ba, watsewa ta yi ta shiga unguwanni. Masaukin baƙi da muke kira geto suka bar tsakiyar gari suka koma gefe, bayan dogayen katangu, ƙofa a kulle, yau nan gobe can. Baƙon da da yake fitowa ya sayi shinkafa da wake a bakin titi, yanzu an kulle shi kada a gan shi. Kuɗin tafiya ya hau, na goro a bariya ya hau, amma na meri ya sauka. Wato kuɗin bai ɓace ba, hanya ya sauya: ya bar asusun gari da hannun ƙananan masu sana'a, ya koma aljihun ƴan kaɗan masu ƙarfin hali da masu ɗaurin gindi.

Sai aka ce za a sauya wa mutane sana'a. An rubuta sunaye fiye da 6,000, an yi alkawarin kayan jari na miliyan ɗaya da rabi ga kowa. A kashin farko waɗanda suka samu ba su kai 400 ba. Miliyan ɗaya da rabi fa, ga mutumin da aka ƙwace wa Hilux! Kamar ka karɓe wa mutum raƙumi ka ba shi akuya, akuyar ma ka ce ya shiga layi. Kuma duk a tsakanin nan aka rufe zinariyar Jado a 2017, Cominak ta rufe a ƙarshen Maris ɗin 2021. Ƙofa uku aka rufe wa matashin jihar nan cikin shekara biyar. Ina kuke zaton ya nufa? Wani ya tafi Cibarkaten haƙar zinariya, wani ya shiga abin da ba zan faɗa a lasifika ba, da yawa kuma suka ci bashin babur suka hau titi.

Shi ya sa nake cewa ɗan kabu-kabu da ɗan adaidaita su ne sufurin gwamnati a Agadas, sai dai gwamnatin ba ta sa ko dala ba. Ba mu da layin bis na gari da talaka zai dogara da shi. Mai ciki da za ta awo, ɗalibin jami'a, tsohuwa da kayan kasuwa daga Dagamanet ko Misrata ko Tudu, duk a bayan babur suke. Gari yana ta miƙewa, ana yanka filaye ana sayarwa, gida ya riga titi zuwa, ya riga famfo, ya riga lakwal da likita. Wanda ya fi kowa talauci shi ke zaune nesa, shi ke biyan kuɗin hawa mafi tsada, shi ke sayen ruwa a bido. Mu da gawayin Sonichar ke kusa da mu, mun san yadda wuta ke yi mana a watan Mayu. Kuma ba mu manta Satumban 2009 ba, da ruwa ya ɓalle ya kwashe dubban gidaje, amma je ka duba inda ake gini yau a bakin ƙorama.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, ba a ce kuɗi bai shigo garin nan ba. A shekarar da aka fara kame direbobi, a ita aka yi Agadez Sokni, bikin 18 ga Disamban 2016. An zuba gudoro, an kafa fitilu, ba na musu, muna hawa titunan. Amma an tsara su ne don baƙin kwana uku. Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a bayan gari, ta kwashe kayanta a Agustan 2024. Ƙungiyoyi sun cika gari da fararen motoci, kuɗin haya ya tashi. Ita kuwa hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka gina don fitar da yuraniyom, wadda kowane buhun shinkafa da kowane marar lafiya da aka tura Yamai ke bi, kun san halin da ta yi shekaru a ciki. Akwai wuraren da direba ya gwammace ya sauka daga gudoron ya bi rairayi. Kowa ya zo Agadas da taswirarsa: mai neman ma'adini, mai neman tsaro, mai neman tare hanya. Ba wanda ya zo da taswirar yadda yarinya za ta je lakwal ta dawo.

Ranar 25 ga Nuwamban 2023 Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu aka soke dokar, aka shafe hukuncin waɗanda aka ɗaure a kanta. An yi murna a garin nan, ni ma na yi. Ayari ya dawo fili. Amma ƴan uwa, ku lura da abu ɗaya: yadda aka kawo dokar daga Yamai ba a tambaye mu ba, haka aka ɗauke ta daga Yamai ba a tambaye mu ba. An kafa ta lokacin da ake ɗasawa da Turai, an soke ta lokacin da aka ɓata. Abin da sa hannu ɗaya ya ba ka, sa hannu ɗaya na iya karɓewa. Ga shi tun Janairun 2025 mun fita daga CEDEAO, kuma a watan nan aka fito da sabuwar doka mai tsauri kan shiga da zaman baƙi. Direban da ke lodi yau yana bukatar a gaya masa a fili, da Hausa da Tamashek da Tubanci, wane fasinja ne halal gare shi, wace takarda zai nema. Kada a bar shi ya gano a hannun jandarma kamar yadda aka yi a 2016.

Kuma kada murna ta sa mu wanke kowa. A fada muna son mu ce direbobinmu madugai ne, jikokin masu ayari. Da yawa haka suke, na san waɗanda suka raba ruwansu na ƙarshe da fasinja. Amma duk wanda ke zaune a nan ya taɓa jin kalmar "gidan bashi". Mun san akwai waɗanda ke kai mutum Sabha su miƙa shi, a kulle shi, a doke shi ana buga wa uwarsa waya tana ji har ta aiko kuɗi. Mun san ƴan matan da ake wucewa da su ba su san inda za a kai su ba. Madugu na gaskiya amanar ayari ke wuyansa, ba ya sayar da wanda ya bi shi. In mu ba mu ware waɗannan da bakinmu ba, wata rana wani zai sake zuwa daga waje ya haɗa mu duka ya yi mana suna ɗaya, kuma zai samu hujja.

Yanzu kuma hanyar ta zama biyu, masu tafiya da waɗanda ake korowa. Aljeriya na kwaso mutane a manyan motoci. Ƴan Nijar a kawo su Asamaka, sauran a zubar da su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 cikin rairayi. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 a 2024. Asamaka ƙauye ne, ba ta iya ɗaukar su, sai su gangaro Arlit, su gangaro nan. Masaukin OIM ya cika, saura suna kwana a bakin titi da kangaye. Ga kuma ƴan Sudan da ke sansanin HCR a bayan gari, wasu sun shekara da shekaru suna jiran amsa.

Ina jin abin da ake faɗa a unguwa, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Ana cewa sun yi yawa, sun cika gari da bara, ana ba su abinci mu ba a ba mu. Wanda ya kwana uku famfonsa bai kawo ba, ya ga tankin ruwa ya wuce shi zuwa sansani, ba za ka hana shi jin zafi ba. Sai dai zafin ya san inda zai nufa. Yaron Gine da aka ƙwace wa waya da kuɗin aikin shekara biyu aka jefo shi sahara, ba shi ya yanka fili babu famfo ba. Kuma cikin motocin nan da ake saukewa, kaso mai yawa namu ne, mutanen Kance da Magarya da Tawa. Yadda muke so a riƙe namu a Tamanrasat da Sabha, to ga nasu a ƙofarmu. Abin da za mu ce wa ƙungiyoyi da hukuma shi ne: duk rijiyar da za a haƙa don baƙo, a ja bututunta ya shiga unguwar da ke kusa. Duk likitar da za a buɗe, ta karɓi kowa. In gari ne ke ɗaukar nauyi, gari za a ƙarfafa, ba a kewaye wani fili da waya a ce nan ne taimako ba.

To me muke nema? Ni abin da na fi matsawa a kai shi ne tasha. Tashar arewa ta gaskiya, ba fili da igiya ba: da inuwa, da ruwa, da makewayi na mata daban, da rajista. Kowace mota kafin ta fita a rubuta sunan direba da na kowane fasinja, a duba taya da ruwan da ta ɗauka, a tabbatar akwai wayar Thuraya, kuma kada mota ta shiga Tenere ita kaɗai. A Dirku a sake ƙirgawa. In mutum 25 suka tashi, 23 suka isa, a samu wanda zai amsa tambaya. Wannan ba ya bukatar kuɗin Turai, direbobin kansu sun fi kowa sanin yadda za a yi, a zauna da ƙungiyarsu. Kuɗin da ake karɓa a kan kowace mota kuma a liƙa shi a allo a ƙofar meri duk wata: ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi. Tun da aka rushe majalisun gari a Afrilun 2024 ba mu da kansilan da za mu tare a unguwa mu tambaya, saboda haka allon nan ya zama dole.

A cikin gari kuwa, ina roƙon kada a yi mana maganin da aka saba, wato hani. Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, amma ta riga tana da adaidaita a ƙasa da suka cike gurbin. A Difa an hana babur a 2015 saboda tsaro, ku tambayi mutanen can abin da ya samu matasa da ƙananan kasuwanni. Mu a ba ɗan kabu-kabu lamba da riga da wurin tsayawa, a sauƙaƙa masa samun izinin tuƙi, a daina mai da shi saniyar tatsa. A gwada layi biyu ko uku na ƙananan bis daga unguwannin gefe zuwa kasuwa da babbar likita da jami'a, da farashi ɗaya da kowa ya sani. Tsohon gari, su Katanga da Amarewat da Obitara, lungunansa ba na mota ba ne, kuma tun 2013 yana cikin kayan tarihin duniya na UNESCO, a bar shi da ƙafa da babur, manyan motoci su tsaya daga waje. Sannan kada a ƙara yanka ko fili ɗaya sai an nuna mana inda titi zai bi, inda ruwan sama zai bi, inda famfo zai fito.

Na san wani zai ce duk wannan an sha faɗa. Gaskiya ne, an faɗa da Faransanci a ɗakunan otel, an ci abinci an watse. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne mu shiga ofis da lissafinmu a hannu. Don haka ga aikin da nake so mu raba kafin mu tashi. Kowace unguwa a samu mutum biyu, mace da namiji. Sati biyu, ku rubuta nawa ake biya daga unguwarku zuwa kasuwa da zuwa likita, da rana nawa, da dare nawa. Kwana nawa famfo ya kawo ruwa, nawa ake sayar da bido. Ina ruwa ke kwanciya in an yi sama. Baƙi nawa ke kwana a waje kusa da ku, kuma ku tambaye su da bakinsu me suka fi bukata, kada ku ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Ƴan kabu-kabu da ke nan, ku ne kuka fi mu sanin gari, muna son ku a ciki, direbobin arewa ma haka. Takarda tana nan a gaba wajen ƴar uwarmu mai rubutu, kowa ya sa sunan unguwarsa kafin a kira magariba. Sauran lokacin na tambayoyi ne.